Yadda Ake Kula da Fata Kullum, Kowace da Irin Tata

Tun da hunturu ya fara kaɗawa tambaya ɗaya ake ta yi mini, a gidan biki, a wurin aiki, har ta waya: "Anti, wane mai zan shafa?" Wannan ta ce kafin azahar goshinta ya soma ƙyalli kamar an shafe shi da man gyaɗa. Waccan ta ce ko da basilin ta kwana, da safe furu-furu take tashi. In ka bincika kuma sai ka tarar mai ɗaya suke shafawa su biyun, don wata ƙawa ta ce ya karɓe ta. Fata kamar ƙasar noma ce, irin da ya yi kyau a fadama ba lallai ya yi a jigawa ba. Don haka zan jero matakan daki-daki, daga tashi barci zuwa kwanciya. Da mata nake magana galibi, amma duk abin da ke nan ya shafi maza, kuma akwai nasu na musamman a mataki na 4.

1. Fara sanin fatarki

Kada ki sayi komai sai kin yi wannan gwajin. Ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki tsane ta da tawul, kada ki shafa komai. Ki zauna a ɗaki, ba a gaban murhu ko cikin rana ba, na tsawon minti 30 zuwa awa ɗaya. Sannan ki ɗauki tishu ki danna a goshi, hanci, haɓa da kumatu, ki ɗaga shi ga haske.

Idan ko'ina ya bar alamar mai a tishun, fatarki mai maiƙo ce. Idan babu alamar komai, kuma kina jin fuskar ta ɗaure kamar za ta tsage in kin yi murmushi, mai gautsi ce. Idan goshi da hanci sun yi maiƙo amma kumatu a bushe, ruwa biyu ce, kuma mutane da yawa a nan suke ba su sani ba. Idan ba maiƙo ba ɗaurewa, matsakaiciya ce, ki gode wa Allah, aikinki kaɗan ne. Akwai kuma wadda nake kira fata mai laulayi: sabon sabulu ya sa ta ƙaiƙayi, turare ya sa ta raɗaɗi, ko zufa ta ɗan zauna sai ta feso da ƙuraje. Laulayi yana iya haɗuwa da maiƙo ko da gautsi.

Gargaɗi: ki maimaita gwajin nan sau biyu a shekara, cikin hunturu da cikin bazara, don fatar da ta yi maiƙo a watan Afrilu tana iya bushewa a Janairu. Idan kuma kina shafa man ƙarin haske, gwajin ba zai gaya miki gaskiya ba. Ki tsallaka zuwa mataki na 9 tukuna.

2. Kayan da za ki tanada

Uku ne tushe: abin wanke fuska, man shafawa, da man kariyar rana. Ki ƙara da ƙaramin tawul na fuska kaɗai, wanda ba na jiki ba kuma ba na kowa ba. Sauran kwalaben da ake ta talla a TikTok da Instagram, su tona da siram da abin rufe fuska, ƙari ne, kuma ana iya shekara ba a taɓa su ba fata tana lafiya lau.

Wajen kuɗi, ga yadda nake ba da shawara a raba. Abin wanke fuska kada ki kashe masa da yawa, minti ɗaya yake yi a fuska ruwa ya tafi da shi. Man shafawa ma akwai na gida mai araha: man kaɗe mai kyau, irin wanda ake kawowa daga Bida da sauran sassan jihar Neja, da basilin, da gilisarin na kemis. Abin da zai ci kuɗi shi ne man kariyar rana, to a nan za ki zuba abin da kika rage. Ki fara da ƙaramar kwalba har ki ga ya karɓe ki.

Gargaɗi: ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar da zai lalace. Kada ki sayi wanda aka baje a faranti cikin rana tsaka a kasuwa, zafi yana kashe ƙarfin sinadarin. Man da aka ɗura a roba babu suna babu jerin abin da ke ciki, aka ce "haɗi ne na musamman", ki bar wa mai shi kayansa komai daɗin bakinsa.

3. Gwaji kafin fuska

Duk sabon abu, ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin damtse, ki bar shi kwana biyu. In babu ƙaiƙayi, kumburi ko raɗaɗi, sai ki kai shi fuska. Kuma abu ɗaya ake farawa a lokaci guda, a ba shi mako biyu kafin a ƙara wani. Wadda ta fara sabulu, mai da hoda sababbi rana ɗaya, in fuska ta ɓaci ba ta san wanda za ta jefar ba.

4. Wanke fuska

Sau biyu da sabulu ya isa, safe da dare. Mai gautsi da mai laulayi ma da dare kaɗai za su sa sabulu, da safe ruwa zalla. Mu da muke alwala sau biyar, fuskarmu tana samun ruwa isasshe, babu dalilin ƙara mata sabulu kowane lokaci.

Ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki yi kumfa a tafin hannu, ki murza da yatsu a hankali kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ki ɗauraye sosai har gefen gashi da ƙarƙashin haɓa, sannan ki danna tawul ki tsane. Ba a gogewa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan sabulu marar ƙarfi shi ne, saman fata yana da ɗan tsami na halitta, ma'auninsa wajen 5, wanda ke tsare danshi ya kuma hana ƙwayoyin cuta zama. A wannan ma'aunin, da lamba ta hau tsami raguwa yake yi, sabulun sanda na yau da kullum kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10, wato yana kashe wannan tsamin. Wannan "wasai" da kike ji bayan kin wanke da shi, har fuska tana ƙara in kin shafa yatsa, alama ce an kwashe man da fata ke kare kanta da shi. Ga mai maiƙo, fatar za ta yi fushi ta feso da ƙuraje. Ga mai gautsi, tsagewa ce.

Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙo, amma akwai yadda ake yi. Kada ki goga curin a fuska, akwai burbushin toka a ciki da ke yankar fata. Ki gutsuri kaɗan ki narka a ruwa, ki yi amfani da kumfar, sau biyu ko uku a mako. Mai gautsi ta bar shi ga jiki, ko ma ta ajiye shi har hunturu ya wuce.

Gargaɗi: soso ba na fuska ba ne. Sabulun wanki da garin wanki ba na jiki ba ne ko kaɗan. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka kullum yana busar da fata, kuma shi ne sanadin ƙaiƙayin bayan wanka ga mutane da dama. Ruwa mai zafi ƙwarai a sanyin asuba yana da daɗi, na sani, amma shi ke kawo furu-furun da kike kuka da shi. A sirka. Idan ruwan unguwarku na zartsi ne, wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ki ɗauraye fuska a ƙarshe da ruwan leda ɗaya.

Ga maza: ƙurajen da ke fitowa a wuya da ƙeya bayan aski, gashi ne ke lanƙwasowa ya koma cikin fata. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi kafin a aske, a bi yadda gashin ya kwanta, kada a ja fata a kuma daina maimaita reza a wuri ɗaya. Wanda abin ya yi masa yawa ya koma injin aski ya bar ɗan tsiron gashi. Ka tafi shagon aski da injinka in da hali, wurin wanzami kuma a sa sabuwar reza a gabanka.

5. Shafa mai

Lokacin shafawa ya fi tsadar man muhimmanci. Ana shafa mai ne fata tana da sauran laima, cikin minti uku da fitowa daga wanka. Basilin da man kaɗe ba sa kawo ruwa, rufe wanda suka tarar suke yi. In kin bari kin bushe ƙarau sannan kika lafta, ƙyalli kawai za ki yi, ƙura ta manne, ƙarƙashi kuma yana nan a bushe.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa jin wannan bayanin ba amma haka take yi mana. Da ta fito da mu daga wanka a tsakar gida, jiki na ɗigar ruwa muna rawar ɗari, sai ta lakato man kaɗe daga ƙaramin ƙoƙo, ta murza a tafin hannu har ya narke ya zama ruwa, ta bi gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu da dunduniya kafin sauran jiki. Ba na son warinsa a lokacin. Amma har hunturu ya ƙare babu mai faso a gidanmu.

Mai gautsi: ki fara da abu mai jawo ruwa, kamar gilisarin da aka sirka, cokali ɗaya a cokali huɗu na ruwa mai tsabta ko ruwan wardi, sannan ki rufe da man kaɗe ko kirim mai kauri. Gilisarin zalla yana danƙo yana kuma raɗaɗi. Ki riƙa haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki, don abin da aka sa wa ruwa yana saurin lalacewa. Bayan alwalar azahar da ta la'asar ki ƙara ɗan kaɗan a kumatu da hannu.

Mai maiƙo: ke ma kina buƙatar mai, sai dai marar nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda fata ke shanyewa nan take. Man kwakwa yana toshe ƙofofin gashi a fuska, ki bar shi ga ƙafa. Ki lura da man kitso kuma. Ƙananan ƙurajen da ke jeruwa a gefen goshi, daidai inda ɗankwali ko hular hijabi ke zama, yawanci man gashi ne da zufa suka gangaro. Ki goge gefen bayan kitso, ki kuma riƙa wanke hular kamar yadda kike wanke kayan ciki.

Ruwa biyu: mai sauƙi a ko'ina, ki ƙara mai kauri a kumatu kaɗai. Mai laulayi: ki nemi wanda babu turare babu launi, gajeren jerin sinadarai. Humra da turaren jiki a sa su a tufa, kada su taɓa wuya da fuska.

6. Kariya daga rana

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, ana cewa ai baƙar fata rana ba ta yi mata komai. Gaskiya ne ba ma saurin ƙonewa kamar Turawa. Amma matsalarmu tabo ce. Ƙurji ya warke cikin mako ɗaya ya bar baƙin tabo na wata shida, kuma kullum rana ta taɓa shi ƙara rina shi take yi. Haka baƙin da ke fitowa a kumatu da goshin masu ciki. Duk maganin tabon da kike shafawa da dare, in babu kariya da rana, ɗiban ruwa da kwando ne.

Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama. Mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kuma kusan 98, don haka kada ki ƙuntata wa kanki a kan mai babbar lamba. Shi ne na ƙarshe da safe, bayan man shafawa, kafin hoda. Yawansa: ki ja layi biyu, a ɗan ali da ɗan tsakiya, tun daga gindin yatsa har ƙarshe. Wannan na fuska da wuya ne, kusan rubu'in ƙaramin cokali. A haka kwalba mai mililita 50 za ta kai ki kamar kwana 40 in sau ɗaya kike shafawa, sai ki yi lissafin kuɗinki da wannan. Wadda ke wuni a waje, 'yar kasuwa ko ɗaliba mai tafiyar ƙasa, ta sake shafawa bayan awa biyu, ko bayan alwala.

Wasu mayukan kariyar suna barin fari a fuska kamar an shafa toka. Ki gwada a bayan hannu kafin ki biya. In kuɗin bai samu ba, lema, malafa, mayafi mai inuwa da kauce wa ranar ƙarfe 10 zuwa 4 sun fi babu nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: ga zabiya wannan mataki na ceton rai ne, domin rana tana jawo musu sankarar fata. Mai ɗa ko ƙani zabiya ya ɗauki man kariya, doguwar riga da malafa a matsayin magani na kullum.

7. Aikin dare

Kada ki kwana da kwalliya ko da kin dawo daga dina ƙarfe ɗaya. Ki narkar da ita da ɗan man zaitun a auduga, sannan ki wanke da sabulun fuska. Bayan nan ne ake sa magani in akwai buƙata, sai mai a kai.

Ga ƙuraje, abubuwa uku ne aka tabbatar da aikinsu kuma ana samu a kemis. Salisilik asid mai kashi 2 yana buɗe ƙofofin da suka toshe. Benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 zuwa 5 yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa ƙurji ya yi ruwa, amma yana koɗar da tufa, don haka ki kula da rigar filo da hijabi mai launi. Adafalin mai kashi 0.1 kuma da dare kaɗai ake sa shi, kamar ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, ana farawa sau biyu a mako. Ga tabo, niyasinamaid da azelaik asid suna rage shi a hankali ba tare da sun sauya launinki ba.

Sai haƙuri. Fata tana ɗaukar kusan mako huɗu kafin ta sabunta samanta, maganin ƙuraje kuma sai ya yi mako 6 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci. Mafi yawan waɗanda ke ce mini "na gwada komai bai yi ba", in na tambaya, babu wanda suka riƙe ya kai kwana goma.

Gargaɗi: mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa adafalin da danginsa irin su retinol. Kada a matse ƙurji, farce ne ke mayar da shi tabo. Man goge baki, lemun tsami, kanwa da tafarnuwa ƙona fata suke yi, na sha ganin fuskar da lemun tsami ya bar wa shacin ƙuna bayan an fita rana. Rigar filo a sauya ta duk mako.

8. Dilka, faso da sauyin yanayi

Dilka tana sa jiki santsi, ba na musu. Amma gurza ce, kuma sau ɗaya a mako ya isa ga jiki. Fuska mai ƙuraje ko laulayi ba a gurza ta sam. Amarya kuma ta fara gyaran jiki wata biyu ko uku kafin biki, kada a gwada mata sabon haɗi ana saura kwana bakwai. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana sa wasu hannu ya kumbura ya yi ruwa, a gwada ɗigo ɗaya kwana biyu kafin ranar ƙunshi.

Cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowa ya ƙara kaurin mai da mataki ɗaya ya rage sabulu. Leɓe kada a lasa, miyau na bushewa ya ƙara tsaga shi, basilin ne maganinsa. Faso kuwa, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki shafa basilin ko kirim mai yuriya, ki sa safa ki kwanta. Ba a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga in dunduniya ta tsage, asibiti za a je.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40 a Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, a koma mai marar nauyi da tufafin auduga, a watsa ruwa in zufa ta yi yawa. Kyasbi yana yawaita a zafi da damina, kuma wata ƙwayar cuta da ake kira fungus ce ke kawo shi, don haka maganin da ke kashe ta irin kulotirimazol yake so. Ko ya mutu, launin wurin yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita.

9. Idan kin riga kin shiga man ƙarin haske

Ba zan yi miki faɗa ba, don na san yadda ake shiga. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayukan, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa ba da niyya suka fara ba. 'Yar yayata tubu ɗaya aka ba ta a wani kemis don ƙuraje. Cikin mako ɗaya fuska ta yi luwai-luwai, kowa na yabawa, sai ta matse shi cikin man jikinta. Bayan shekara ta zo mini da fata ta yi siriri har ana ganin korayen jijiyoyi a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, nankarwa mai faɗi a damtse, kuma duk ranar da ba ta shafa ba fuskar sai ta ɗauki zafi kamar an watsa barkono. Tana kuka take ce mini, "Anti, ni fa ba fari nake nema ba."

Abin da ke cikin irin wannan tubu sitiroid ne, kulobetasol ko betametason, magani ne na 'yan kwanaki da likita ke rubutawa. Wasu mayukan kuma haidirokwinon ne mai yawa, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke wuyar fita. Wasu zaiba ce a ciki, mai lalata ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa.

Mai zaiba a jefar da shi yau. Sitiroid ɗin da aka daɗe ana shafawa kuwa ba a yanke shi dare ɗaya, fata za ta yi bore, a hankali ake janye shi a hannun likita. Ki kwashi duk kwalaben da tububbukan, har da kwalayensu, ki kai wa likitan fata. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Kafin ranar ganin likita, ki tsaya a kan abu uku na mataki na 2, babu gurza, babu dilka, babu sabon haɗi, man kariyar rana kuma kullum, domin fatar da ta yi siriri ba ta da sauran garkuwa. Za ki yi duhu fiye da da na ɗan lokaci, mutane za su yi magana. 'Yar yayata sai da ta yi kusan wata takwas kafin fuskarta ta daina raɗaɗi.

Gargaɗi ga iyaye mata: kada a matse irin wannan tubu cikin man jariri don ƙurajen zufa ko don ya yi haske. Fatar jariri tana shanye magani ya shiga jini fiye da ta babba. Man kaɗe zalla ko basilin ya ishe shi.

Akwai kuma abubuwan da ba na gida ba ne ko ga wadda ba ta taɓa bilicin ba: ƙuraje manya masu zafi da ke barin rami, ƙaiƙayin da ke hana barci ko ya kama mutanen gida gaba ɗaya, gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, da baƙin tabo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce da ke girma ko sauya kama. Waɗannan a kai su asibiti cikin makon da aka lura da su.